Ƙullin Bahago a Itacen Tokuji

Taubashina Tokuji, mai kula da lambun wani tsohon gida a birnin Kanazawa na ƙasar Japan, bai yarda da kowa ba. Ko inuwarsa ce ta biyo shi sai ya tambaye ta wa ya aiko ta. Shekara arba'in yana hidimar itacen matsu guda, irin mai ganye kamar allurai. Sanyi na kamawa zai kafa doguwar gora, ya sako igiyoyin karan shinkafa daga samanta, ya ɗaure kowane reshe don kada nauyin dusar ƙanƙara ya karya shi. Babban reshen da ya miƙe kan tafki kuwa, cewa yake ranar da ya karye a shirya jana'izarsa.

Bara ya tarar an sake masa ƙulli uku. Ba sassauta su aka yi ba, ƙara musu ƙarfi aka yi, kuma ƙullin bahago ne.

Ya nuna ni da yatsa. "Kai ne, Genzo!"

"Haba tsoho, ni da ko igiyar takalmina ba ta wuni a ɗaure?"

Ya zargi maƙwabci, ya zargi mai kawo wasiƙa, har wani hankaka sai da ya sha harara kwana uku. Sannan ya dasa kujera gindin itacen, ya ƙi motsi.

Matarsa Fumie ta tare ni a bayan gida. "Hannunsa ya fara rawa, ƙullinsa ba ya riƙo," in ji ta. "Gobe za a yi dusa mai nauyi, ban kai ga babban reshen ba. Janye min Tokuji daga gindin itacen."

Na je na raɗa masa cewa na ga wani bahago a gidan wankan unguwa, tafinsa duk kanta. Awa biyu Tokuji yana bin tsofaffi tsirara yana duba hannuwansu. Da ƙyar muka fita da haƙoranmu.

Dusa ta sauka har ƙirji. Reshen ko gezau. Tokuji ya hau tsani, ya daɗe yana shafa sabon ƙullin. Da ya shigo, Fumie ta zuba masa shayi da hannun hagu. Ya bi hannun da kallo, ya kurɓa, ya juyo kaina.

"Kai dai ban yarda da kai ba."

Bana, yana gama ɗauri ya rataya tawul, ya ɗaga murya yadda za a ji shi har madafa, inda Fumie take: "Na tafi wanka! Sai bayan awa biyu!"