Akwatin Ɗumamen Inna

A shekarun da arzikin man fetur ya wadata a ƙasa, yayana da ke aiki a Kaduna ya kawo wa Inna na'urar ɗumama abinci mai aiki da lantarki. Ni ke zaune da ita a Batsari, don haka ni ya kafa wa doka: kada a sa ƙarfe a ciki, kada a toshe ramukan iskarta. Ya faɗa, ya shige motarsa, ya bar ni da aiki.

To, a gidanmu tuwo ba ya kwana sai a langa, kuma Inna ba ta barin abinci a buɗe. Wata safiya na fita ɗebo ruwa, ta cusa langar tuwon jiya har da murfinta a cikin na'urar, ta kunna. Na dawo na tarar wuta na tartsatsi a ciki, ita kuwa tana bakin ƙofa tana salati. Na zare wayar.

Na yi bayani har bakina ya gaji. Na sayo kwanon tangaran, ta ce na baƙi ne, ta adana shi. Ta kuma lulluɓe na'urar da ƙyalle, ramukan duka a rufe. Kullum ina yayewa, kullum tana mayarwa. Na haƙura, na naɗe wayar, na koma hura murhu.

Da yayana ya zo sallah ya tambaya, Inna ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Tun da na fara ajiye daddawa a ciki, ɓera bai sake taɓa mini ita ba."