Ranar da Baba Ya Hana Auta Tashi

Wata Juma'a ce a watan Maris na shekarar 2012, ina da shekara goma, Baba ya ce in saka takalmina mai rufi in raka shi. Muka hau ƙaramar bas a bakin titin Faisal, muka sauka muka sake hawa wata, har benayen Alƙahira suka ƙare, yashi ya karɓe su. Inda muka tsaya babu komai sai waya mai ƙaya, da mai gadi da ya duba takardun Baba, da wata doguwar rumfar kwano. Baba ya sa kafaɗa ya tura ƙofarta, haske ya kwarara ciki, sai ga shi tsaye a kan tayoyi uku: jirgin sama, fari mai ratsin shuɗi, fentinsa duk ya ɓare, farfela ɗaya a hancinsa, fukafukansa a saman kaina kamar rufin ɗaki. Ni da na saba ganin jirgi ɗan tsito can cikin gajimare, ban taɓa zaton abu ne da ake iya taɓawa ba. Na ɗora tafin hannuna a jikinsa, na ji sanyin ƙarfe da ƙananan ƙusoshi a jere, ga warin baƙin mai da kashin tantabara. Baba ya ce, "Taɓa shi da kyau, Uwata. Kashi ɗaya cikin uku namu ne." Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

Baba makanikin jirage ne, ɗan Katsina, aiki ya kawo shi Masar tun ban yi wayo ba. A wurin aikin ya haɗu da Kyaftin Munir, wani tsohon matuƙi Bamisire mai farin gashin baki da dariya mai cika ɗaki. Kyaftin ya sayi wannan jirgi mai kujeru huɗu, wanda ya girme ni ya kusa girmar Baba, bayan jirgin ya yi shekara da shekaru a ajiye. Suka yi yarjejeniya: Kyaftin ya kawo kayan gyara, Baba ya sa hannunsa da ranakun hutunsa, su zama abokan tarayya. Umma ce ta raɗa masa suna Auta, don a cewarta ya fi ni da ƙanena Sadiku ci, ya fi mu rigima, kuma shi kaɗai ne ba a yi wa faɗa.

Daga nan Auta ya fara shigowa gidanmu gunduwa-gunduwa. Muna hawa na biyar ne, a gida mai ɗaki biyu da ɗan baranda inda Umma ke shanya. Wata rana aka hawo da kujerunsa, soso ya ruɓe, fata ta tsattsage. Umma ta auna, ta je kasuwa ta zaɓo yadi mai kauri, ta yi mako biyu a kan kekenta tana ɗinka musu riguna, tana mita tana kuma warware duk ɗinkin da ya karkace. Kafin a mayar da su, ni da Sadiku mun zagaya duniya a kansu. Murfin tukunya ne sitiyarinmu, mu tashi daga baranda mu sauka Makka, mu biya Katsina mu gaida Kaka, mu dawo kafin mai sayar da gas ya shigo layi yana buga tukunyar gas da sifana. Da mun ji shi sai wasa ya tsaya, don aikina ne in leƙa in kira shi, kamar yadda aikina ne in zura kwando da igiya mai kanti ya saka mana burodi. Ran Juma'ar da Baba bai fita ba, ɗalibai 'yan gida masu karatun addini sukan zo daga unguwar Ainu Shams cin tuwon shinkafa da miyar kuka. Su zauna suna kallon Baba ya shimfiɗa jarida yana wanke fulogai da buroshin haƙori, suna tambayarsa ko da gaske wannan abin zai ɗauki mutum. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ƙarfe ba ya ƙarya. Abin da ka yi masa shi zai yi maka."

Fiye da shekara suna abu ɗaya. Aka sauya tayoyi da birki, aka cire tsoffin wayoyin da ɓera ya ci, aka kankare fenti aka fesa sabo. Kyaftin ya kawo sabon rediyon magana da hasumiyar filin jirgi, da wata na'ura mai allo kamar tafin hannu da ke nuna wa matuƙi inda yake. Baba yana da wani littafi mai kauri, duk notin da ya ɗaure sai ya rubuta ya sa hannu. A makaranta ba ni da zance sai na Auta, har 'yan ajinmu suka fara kirana Kyaftin don tsokana, wasu suka ce ƙarya nake, babu baƙon da ke zaune a Faisal da zai mallaki ko tayar jirgi. Baba ya yi mini alkawari cewa idan Kyaftin ya gama gwada shi, ni ce fasinjar farko.

Ranar ta zo a bazarar 2013. Kyaftin ya riga ya tashi da shi sau da yawa shi kaɗai, takardar izini ta fito bayan dogon jira. Umma ta soya nama, ta ɗinka mini sabuwar riga, muka tafi mu duka, har da ƙawata Salma, 'yar ajinmu da ta fi kowa ƙaryata ni. Auta yana tsaye a rana yana sheƙi kamar ango. Baba ya ce bari ya juye baƙin mai tukuna, lokacinsa ya yi. Ya kwance filtar da ke tace man, ya yanka ta, ya warware takardar cikinta a rana kamar mai duba yadi. Sai na ga ya daɗe a sunkuye. Ya ɗauko maganaɗisu ya goga, ya ɗaga, wasu 'yan ɓurɓushi masu ƙyalli sun miƙe a jikinsa, ba su fi ƙwayar gishiri ba. Kyaftin ya leƙa, ya ɗaga kafaɗa, ya ce injin yana kuka lafiya, zagaye ɗaya kawai, minti goma, kada a karya wa yarinya zuciya. Baba ya ce, "Kyaftin, kashi biyu naka ne, amma sa hannun nawa ne. Ba zai tashi ba." Ban taɓa jin ya yi wa dattijon magana haka ba. Fuskar Kyaftin ta yi ja, can ya zare hularsa ya ce da Larabci, "Khalas. Ma'alish ya binti," wato shi ke nan, ki yi haƙuri 'yata. Da hannuna na taya su tura Auta cikin rumfa ina kuka, Salma tana kallo.

Na yi kwana goma sha ɗaya ba na yi wa Baba magana sai gaisuwa. A makaranta kuwa na sha dariya har na ƙoshi. Umma ta bar ni, sai dai wata rana tana tsefe mini kai ta ce, "Mai hana ka abin da kake so yana kallon idonka, ya fi mai ba ka yana kau da kai." Ban gane ba, ban kuma so in gane ba. Bayan wata guda Baba ya dawo da wani abu a naɗe cikin tsumma, ya ajiye a gabana. Wata sandar ƙarfe ce daga cikin injin, mai ƙulu-ƙulai a jikinta. Ya kama yatsana ya bi da shi a kansu, duk santsi kamar gilashi, har muka zo kan ɗaya mai kaushi, ya cinye kamar an gatsa. Ya ce tsatsa ce ta shige shi tun shekarun da jirgin ya yi a ajiye, kuma yana ci gaba da cin kansa. Na tambaye shi ko da mun tashi da mun faɗo. Ya ce, "Wataƙila da kun sauka lafiya, Uwata. Amma ba na ɗora ki a kan wataƙila."

Sai da aka ƙara wata tara kafin injin ya koma mazauninsa. Wannan karon ban gaya wa kowa ba. Da hantsi ne, farkon 2014, iska a kwance. Umma ta ce ita ƙasa ta ishe ta, ta tsaya bakin rumfa riƙe da hannun Sadiku tana ta addu'a. Aka ɗora ni a gaba kusa da Kyaftin, a kan filo biyu, kujerar da Umma ta ɗinka, Baba a baya. Kyaftin ya ce "Yalla," wato mu tafi, injin ya ɗauka, jirgin ya yi ta gudu yana girgiza har haƙorana na haɗuwa, sai kawai girgizar ta ɗauke. Na leƙa na ga inuwarmu ta rabu da mu tana bin yashi ita kaɗai. Rumfar ta koma akwatin ashana. Muka yi sama, sai ga abin da har yau ban iya kwatanta shi yadda ya kamata: hamada ruwan ƙasa iyakar gani, sannan can gabas, kamar an sa wuƙa an yanka, kore shar ya fara, gonaki da dabino a jere, Kogin Nilu yana walƙiya a tsakiyarsu. Birnin da nake gani ba shi da iyaka, ashe yana da baki, yana kwance cikin hayaƙinsa, dalar Fir'auna a gefensa kamar 'yan duwatsun dara. Na kasa cewa komai sai Subhanallah. Kyaftin ya ɗora hannuna a kan sitiyari, ya ɗan karkata, duniya duka ta karkata tare da mu. Na waiga in nuna wa Baba, sai na ga idonsa a rufe, kansa a sunkuye gefe. Bai kalli kogin ba ko sau ɗaya. Injin yake saurara.

A 2015 idon Kyaftin ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi, aka sayar da Auta, mu kuma muka dawo gida. Yanzu aiki yakan sa ni hawa manyan jirage, inda mutane ke rufe taga su duƙufa a kan waya, ni ma wani lokaci haka nake yi, in sauka ban san ta inda muka bi ba. Baba ya tsufa, ko kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu. Kyaftin ya rasu, ban san kuma a wace rumfa Auta yake ba, ko yana tashi ko ya koma gidan tantabaru. Nakan so a ce an mayar da ni kan filon nan biyu ko na minti ɗaya ne. Ban sake zama can sama hankalina a kwance kamar ranar ba.