Rigunan da Kawu Ya Ƙone

Jiya na kwance dilar riguna, ƙanshinta ya tuna mini da Kawu. Da tebur ɗaya ya fara a Kaura, sannan rumfa a Shinkafi, sannan shago a Zurmi.

Shekarar da Shari'a ta zo, wani malamin makaranta ya ɗaga wata rigar da muke sayarwa ya ce wa Kawu, "Alhaji, hoton nan kwalbar giya ce." Mu kuwa mun ɗauka kwalbar lemo ce. Ni har ina hango bulala a tsakiyar kasuwa. Kawu ya ce, "Ɗana, tada babur."

Garuruwan uku muka bi, muka kwashe rigunan masu hoton, muka ƙone. Amma biyu an riga an saya. Har ya rasu, in ya shiga taro, ƙirjin mutane yake dubawa.

Allah ya kwantar masa da hankali a makwancinsa.