Ƙwai Ɗaya a Hanyar Ƙala'at an-Nahal

Ranar wata Laraba bayan yankan dawa, a shekarar da na shiga aji uku, lorin da ya ɗauko ni da kakata Hajja Zainabu daga Gadarif ya lalace a daji, kafin mu kai Ƙala'at an-Nahal wurin suna. Tun hantsi direba ya shige ƙarƙashin mota, har azahar ƙafafunsa kawai muke gani. Guzurinmu na kisra, wato wainar dawa mai fale-fale, ya riga ya ƙare, domin Hajja ba ta iya cin abu ana kallonta ba ta miƙa ba. Can gefen gona akwai bukkokin kara na 'yan ƙwadago, sai ga wata siririyar mata mai suna Hawwa ta taho har gindin mota tana cewa da Larabci, "Itfaddalu ya Hajja, ku shigo inuwa."

Ni 'yar gari ce mai shegen ƙyanƙyami, a wurin Hajja kuma na gada, wadda ko kofinta ba mai taɓawa a gidanmu, tsakar gida kuwa sai na share sau biyu kafin in fita wasan 'yar gala-gala. A bukkar Hawwa babu mai, babu busasshen kifi, sai ɗan garin dawa a gindin buhu. Amma ko a jikinsu. Yara suka haye bishiya suna girgiza rassa da shewa, andat na zubowa a kan buhu, wato ƙwaron nan mai wari da ke tsotse dawa tun tana tsaye, wanda babana ba ya ambata sai da tsinuwa. Hawwa ta watsa su a ruwan zafi, ta juye a murfin duro da ta mayar kasko, suka soyu da man jikinsu. Maza na kaɗa jarka suna waƙa, wai ƙwaron ya ci dawarsu, yau su ma sun ci shi. Warin kuwa, wayyo Allah!

Aka kawo mana su da tuwon ɗan garin nan, Hajja ta yi bisimilla, ta ɗebo da tuwo ta kai baki tana sa albarka. Ni da na ga ƙananan ƙafafu a jikin lomar, sai na ture kwanon na ce da ƙarfi, "Wannan ai ƙazanta ce!" Da Hausa na faɗa, a zatona ba mai ji. Kiɗan ya tsaya cak. Hawwa ta dube ni, ta ce da Hausa tangaran, "Ma'alesh, ba komai 'yata, ba ki saba ba." Ta zaga bayan bukka ta ɗauko ƙwai ɗaya tilo da kazarta ta saka, ta dafa, ta ɓare mini da hannunta. 'Yarta Zahra, sa'ata, wadda tun safe take gadin kazar nan, ta bi ƙwan da kallo har bakina. Na cinye shi tas, ban gutsira mata ba.

Da la'asar mota ta tashi. Sai da bukkokin suka ɓace Hajja ta leƙa da kai gefen lori ta amayar da duk abin da ta ci. Ta goge baki da gefen mayafi, ba ta dake ni ba, ta ce, "Ni cikina ne ya ƙi. Ke kuwa zuciyarki ce."

Yanzu ina da kaji a gidana, ƙwai har ya yi kwantai, 'ya'yana na yatsina fuska in miya ba ta ji mai ba. Sau da yawa na bi hanyar nan ina leƙen gefen gonaki, babu bukkokin, babu wanda zan tambaya. Warin andat har gobe yana tayar mini da zuciya, amma bai kai tuna abin da bakina ya yi a ranar nan ba. Da ma na raba ƙwan nan biyu.