Girkin Rana a Bakin Isa

Shekarar da kogin Isa ya ƙafe har mutane na tsallake shi da ƙafa a ƙarƙashin gada, ni aka tura tsaron injin jan ruwa a ɓangaren Harobanda, unguwar da ke hayin kogin. Sojoji ke mulki, in an ce ka tafi ba ka tambayar ranar dawowa. Ban daɗe da zuwa daga Tawa ba, ba ni da mata, ba na jin Zabarmanci. Aka kafa mini tanti a kan yashi, kusa da ɗan ruwan da ya rage.

Itace ya yi tsada, an kuma hana sara. Shugabanmu na biro, wato ofishinmu da ke unguwar Plateau, ya ara mini wani akwatin katako, cikinsa baƙi, samansa gilashi, marfinsa da madubi. Ya ce in sa tukunya da hantsi, in riƙa juya akwatin yana bin rana.

Akwatin ya yi aiki kuwa. In na zuba shinkafa da wake, kafin azahar sun nuna. Sai dai girki ne na shiru. Babu hura wuta, babu hayaƙin da zai sa mai wucewa ya yi sallama. Nakan zauna ina kallon gumi yana taruwa a gilashin, in ci ni kaɗai, in wanke tukunya da yashi.

Akwai wani tsohon masunci da ke wuni a inuwar kwalekwalensa da ya kife a kan tudu. Wata rana ya taso, ya zagaya akwatin, ya leƙa ƙasansa.

"Fofo," ya gaishe ni da Zabarmanci, sannan ya koma Hausar kasuwa. "Yaro, ina wuta?"

Na nuna masa sama. "Ga ta can, Baba."

Ya taɓa gilashin, ya janye hannu da sauri, ya yi dariya har da tari. Na ce bismilla. Ya ci loma biyu, ya ce abincin ba ya ƙamshin komai, amma ya cinye rabonsa.

Daga nan kullum yana zuwa. Shi ya karɓi aikin juya akwatin, yana yi a hankali kamar mai tuƙa jirgi. Hirarmu ba ta da yawa. Na dai gane ƴaƴansa sun bi ruwa sun yi kudu wajen Gaya, matarsa ta rasu. Ranar da ya sami ƴan ƙananan kifi a taɓo, muka gasa su a ciki, ya ce wannan kam ya yi.

Wata safiya na ga mutane suna ɗora kwalekwalen a kan amalanke. Babban ɗan tsohon ne ya zo tafiya da mahaifinsa. Tsohon ya zo ya riƙe hannuna ya daɗe, ya yi mini addu'a da Zabarmanci. Amin kawai na iya cewa.

Na ci gaba da auna shinkafar mutum biyu har kwanaki, sai na lura tana kwana tana lalacewa, na rage. Na zauna a wurin har hadari ya fara haɗowa, girkin ya daina nuna, na koma jiƙa gari da ƙuli. Da ruwa ya dawo kogi aka aiko mota ta kwashe ni da tantin.