Sifana Biyu da Kawu Ya Bari

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe a kudu yana aikin haƙar man fetur. Lebura ne na bakin rami, cikin masu ɗaura bututu da kwance shi. Da ya dawo Wudil ya dawo babu yatsu biyu a hannun hagu, ga tari da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah, ga kuma wasu ƙarafa guda biyu da tirela ta sauke masa a bakin gada. Sai da aka nemo kura aka turo su Sabon Gari, mutane na biye suna tambayar mene ne. Sifana ce, amma irin wadda ba mu taɓa gani ba. Kowace ɗaya ta kusa tsawon mutum, nauyinta kuwa ƙato ɗaya ba ya ɗaga ta daga ƙasa. A gwanjo ya saye su lokacin da masu aikin suka tashi.

Da abin da ya taro ya sayi tsohon injin haƙa rijiyar burtsatse. Ni a lokacin ina da aure har da ɗa, ɗinkin da nake yi ba ya riƙe gida, sai Inna, wato mahaifiyata, ta yi masa magana ya ɗauke ni. Babban ɗansa, wanda muke sa'anni, shi ke tuƙa motar da injin yake kai.

A hannun Kawu na san yadda aka ƙera sifanar nan. Bakinta ba irin na sifanar makanikai ba ne. Muƙamuƙi ne mai gaɓoɓi, yana naɗe bututu kamar yadda yatsu ke naɗe rake, sannan a rufe shi da sakata. A ciki akwai haƙoran ƙarfe da ake zarewa a sa wasu idan sun cinye. Ɓari ɗaya kawai take cizo, kuma iyakar jan da aka yi wa ƙotarta iyakar damƙar da za ta ƙara yi. Ba a ɗaukarta da hannu, rataye ta ake yi da igiyar waya a jikin injin, tana lilo daidai ƙugun mutum. Maƙeranta sun yi mata mariƙai sun shafa musu koren fenti, sauran jikin ja ne. Kawu ya ce duk inda ka ga ja, wani ya taɓa barin yatsansa a wurin, sai ya ɗaga hannunsa na hagu. Kuma biyu ake haɗawa. Ɗaya ta riƙe bututun ƙasa, a ɗaure ƙotarta da ginshiƙi, ɗayar ta kama na sama inji ya ja. In aka rasa mai riƙewa, ƙarfin da ya isa ya kwance bututu ya isa ya karya mutum.

Ni ɗan mace ne, ɗan Kawu ɗan namiji, don haka tun muna yara bawa yake ce mini, ni kuma in rama da abin da ya zo bakina. Wasan taubasai ne, kowa ya sani. Amma da muka fara aiki tare sai kalmar ta sauya ɗanɗano. A gaban mutanen ƙauye yake faɗarta, ba dariya a fuskarsa. Abin da ke cinsa shi ne ni Kawu ke tsayarwa a bakin rami, shi kuwa da ya kawo mota ya tsayar aikinsa ya ƙare. Wata rana a Achika ya matsa sai an bar shi ya kama sifana. Kawu ya bar shi. Bai jima ba ya ɗora tafinsa kan gaɓar muƙamuƙin, daidai inda take haɗewa. Kawu ya kai masa duka a hannu, duka na gaske, ga dagaci da jama'arsa a zaune a inuwa suna kallo, ya ce ya koma gefe ya ga yadda ɗan'uwansa ke riƙewa. Ni na san tsoro ne ya sa Kawu ya yi haka. Shi abin da ya gani daban. Tun daga ranar, ko ruwa na sha a moɗa ba ya sha bayana.

Da tari ya kwantar da Kawu, ya sa aka kira limamin unguwa da Inna, ya ce su shaida ya ba ni sifana ɗaya kyauta, ɗayar da injin da mota na magada ne. Ya ce ya yi haka ne don kada mu rabu a aiki. Ɗansa yana tsaye a bakin ƙofa.

Da Kawu ya rasu, ana gama addu'ar bakwai ɗan nasa ya buɗe baki. Ya ce na lallaɓa marar lafiya ne na ƙwace kayan marayu, ni da uwata. Liman ya maimaita abin da ya ji da kunnensa, dattawa suka ce kyauta ta tabbata. Bai yi musu da su ba. Washegari da hantsi ya sa aka jawo sifanar daga zaure aka tura ta cikin kwatar ƙofar gidansu, ya aiko a gaya mini in zo in ɗauki rabona. Haka na tuɓe riga na shiga kwatar nan, ni da maƙwabta biyu, matan layi suna leƙe ta katanga. Yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa, yana jefa ɓawon inda muke.

Na koma aiki da injin wani Alhaji. Nasa sabon yayi ne, bututunsa na da wurin da aka fafe, akwai ƙarfen da ke riƙe na ƙasa a jikin teburin injin, saboda haka ba kullum nake bukatar sifanar ba. Sau da yawa tana jingine a zaurena, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ɗan Kawu kuwa ya ci gaba da tsohon injin ubansa, ya sayi sifanar masu gyaran famfo, mafi girma da ya samu a kasuwa, ya zura mata guntun bututu a ƙota, ita ke yi masa riƙo. Duk ƙauyen da ya shiga sai ya ce rijiyoyina ba sa kai bazara. Ni ma in aka tambaye ni nakan ce a je a leƙa raminsa a ga ko a miƙe yake. Har ta kai mutane sun daina ambaton ɗayanmu a gaban ɗaya.

A wata bazara ya karɓi aiki a Ɗankaza. Ya yi nisa da haƙa, sai wata mahaɗar bututu ta cije, ta ƙi kwantuwa. Hakan na faruwa idan yashi ya shiga zaren da ake murɗa ta ko an ɗaure babu maiƙo. Suka doka, suka zuba baƙin mai, suka gasa da wuta, ko motsi. Ina zaune a ƙofar gida bayan azahar saƙon murya ya shigo wayata. Rabon da in ji muryarsa a waya tun rasuwar Kawu. Babu sallama, babu gaisuwa.

"Kai bawa, ka ɗoro kayan ubana a mota ka kawo mini Ɗankaza yanzu. Kada ka sa in jira."

Na ji muryoyin ma'aikatansa a baya suna dariya. Na saurara sau biyu, sannan na mayar masa. Na ce sifana tana zaure, ba a kulle take ba. Ya zo da ƙafarsa ya yi sallama, ya kira ni da sunan da ubana ya raɗa mini, ni da kaina zan ɗora masa ita a mota in bi shi in kama masa. Na ƙara da cewa kada ya kuskura ya sa inji ya ja da wannan ƙaramar a ƙasa.

Ban san yadda maganar ta kai kunnen Inna ba. Kafin la'asar sai ga ta da mayafi a karkace, tana haki. Ba ta faɗin sunana, don ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai wannan, ɗan ɗan'uwana ne. Ka kai masa, ni na roƙe ka." Na ce mata duk abin da ta ce in yi a duniya zan yi, amma ta tuna har da ita ya kira ɓarauniya a gaban mutane, kuma Ɗankaza ba Makka ba ce, babur zai kawo shi ya mayar kafin rana ta faɗi. Ta zauna a kan turmi. Muna nan zaune har aka kira magariba, bai zo ba.

Da safe ya sa aka ja. Waɗanda ke wurin sun ce ya ɗaure ƙaramar sifanar da sarƙa, ya tsaya kusa yana ba mai inji umarni. Haƙoranta ba su da zurfin da za su riƙe irin wannan ƙarfi. Ta suɓuce, bututun da aka zura mata ya zabura ya same shi ƙasa da gwiwa. Ƙashin ya karye har ya huda fata.

Na je asibiti. Dangi sun cika baranda, ina isowa hira ta mutu. Matarsa ta tashi ta ja 'ya'yanta gefe. Na shiga na yi masa sannu, ƙafar na rataye, ya juyar da kai wajen bango. Da na juya zan fita ya yi magana, bai kalle ni ba.

"Ka samu abin da kake so."

Na ce Allah ya sawwaƙe, na fita. A baranda wata gwaggonsa ta tare ni tana cewa jininsa na wuyana. Na tambaye ta ko ta ji saƙon da ya aiko mini, ta ce ba ta bukatar ji. Babu wanda ya bukaci ji. Gari ya ɗauka cewa na hana ɗan'uwana aron ƙarfe har ya nakasa, kuma haka labarin yake yawo har gobe. Wanda ya tambaye ni ina gaya masa yadda aka yi, wanda bai tambaya ba na bar shi da abin da ya ji.

Yana kwance mutanen Ɗankaza suka zo wurina. Injinsa na tsaye a kan ramin, bututu na ciki, matansu na tafiya mai nisa neman ruwa, ga damina na matsowa, in ta sauka ramin zai rufta. Na ce su nemi izininsa. Suka ce sun je, ya kore su. Dagacinsu ya ce ƙasarsu ce, ƙishirwa kuma tasu ce, shi ya ɗauki nauyin abin da zai biyo baya. Na ɗora sifanata a mota muka tafi.

Tasa na nan rataye a jikin injin inda ya bar ta, tsatsa ta fara hawa. Na goge haƙoranta da burushin waya, na kama bututun ƙasa da tawa na ɗaure ƙotar da ginshiƙi, na kama na sama da tasa, na kori kowa baya. Inji ya ja, mahaɗar ta yi ƙara kamar an harba bindiga, ta saki. Muka zare bututunsa muka jera masa a gefe, muka janye injinsa, aka kawo na Alhaji muka ƙarasa. Ruwa ya zo mai daɗi.

Da ya fara takawa da sanda, abin da ya fara yi ke nan. Ya sa aka kwaso sifanarsa daga Ɗankaza, aka sauke ta a gaban shagon mai walda da ke kallon ƙofar gidana. Ya sa aka ajiye masa kujera. Mai waldar ya tsallako ya same ni, yana sosa ƙeya, ya ce an ce ya yanka ta gunduwa-gunduwa, shi kuwa bai san yadda zai yi ba. Na ce kayansa ne, ya yi aikin da aka sa shi.

Ƙarfen ya yi gardama. Tun hantsi wuta ke cinsa, sai da aka sake tukunyar gas. Ya ce a fara da muƙamuƙi, gaɓa bayan gaɓa, kada a bar abin da zai moru. Mutane suka taru, wani dattijo ya ce masa ya ji tsoron Allah, guzurin ubansa ne. Ya amsa da ƙarfi yadda zan ji daga inda nake, ya ce gara ta koma tukwane da hannun bawa ya sake taɓa ta. Ban shiga gida ba. Na fito da tabarma na shimfiɗa a ƙofar zaure, na sa aka kawo mini fura, na sha ina kallo har aka gama. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suka loda guntayen a kura suka tafi.

Bai koma haƙa ba. Ya sayar da injin, yanzu yana da shagon kayan famfo a bakin titi, yana ɗingishi. In zan wuce ta nan ba na sauya hanya, shi ma ba ya sunkuyar da kai. 'Ya'yanmu makaranta ɗaya suke, kuma ba wanda ya hana su, amma ba sa tafiya tare.

Inna ta ci gaba da zuwa gidansu duba jikokin ƙaninta har ƙafa ta gaza mata. Ba ta taɓa gaya mini abin da ake ce mata a can ba, sai dai in ga ta dawo ta kwanta ba ta ci abinci ba. Bara ta rasu. Ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya bi mu har maƙabarta da sandarsa. Da aka dawo ya yi wa ƙanena ta'aziyya, ya tsallake ni ya yi wa na kusa da ni. Kafin addu'ar bakwai ya aiko da buhun gero. Ƙannena mata suka karɓa suka yi gumba da shi, aka raba wa masu zaman makoki. Ban hana ba, ban kuma ci ba.