Kayan Mijin Tsohuwar Norway

Na dawo Gwarzo daga Norway a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Damina na shirin kankama, taki ya gagari talaka, layin mai kuwa ba a magana. Shekara biyu na yi a can ina karatun ƙasar noma. Mutane sun zaci da dukiya zan sauka. Da suka ga littattafai ne da rigunan sanyi, sai suka koma kallona ni kaina: ko na daina tsugunawa in gai da manya, ko alwalata ta canza. Har a masallacin ƙofar gidanmu ina jin idanu a ƙeyata.

Babana malami ne, shi ke jan salla a masallacin nan. Kafin in tafi ya taɓa ce mini in gwiwarsa ta matsa masa, ni zan riƙa shiga gaba. Na dawo na tarar gwiwar ta matsa, amma ko sau ɗaya bai ce in shiga ba. Abin ya tsaya mini a rai, na yi ta zargin wani ne ya kai masa magana.

Ana cikin haka na yi wautar nuna wa Inna wani hoto, wai don ta yi dariya.

Ga asalin hoton. Saura mako guda in taso, ranar ƙasarsu ta zagayo, sha bakwai ga Mayu. Ba soja, ba bindiga. 'Yan makaranta ne ke jerin gwano da badujala, kowa da 'yar tuta, ana ta shan askirim. Manya kuwa sun fito cikin kayan gargajiya da suke kira bunad. Kowane yanki da irin aikin zarensa, yadda mu ma za ka dubi hula ka ce wannan ta Barno ce. Kuma gadonsu ake yi: wata ta kakarta ce a jikinta, wani na ubansa.

Tsohuwar da nake haya a gidanta mijinta ya rasu, ba ta da ɗa. Da safen nan ta ga na fito da kwat, ta kama ƙugu ta ce, "Kai ina naka? Mutanenku ba su da tufa ne?"

Na ce ban zo da ita ba. Gaskiya na faɗa, amma gaskiya mai ciwo. Ranar da zan bar gida Baba ya ba ni babbar rigarsa ta saƙi, wadda shi ma ya gada wurin kakana. Na ga ta yi nauyi, ga ƙamshin shuni da tsohon turare, na ce Turawa dariya za su yi mini. Na cusa ta ƙasan adaka a ɗakina, na danne da tsofaffin littattafai. Da Baba ya tambaya a wasiƙa ko ina sa ta ranar Juma'a, na rubuta masa cewa ina sawa.

Tsohuwa ta shiga ciki ta fito da kayan mijinta: farar shet, jar falmaran, baƙin wando iya gwiwa, dogayen safa, maɓallan azurfa reras. Suka yi mini cif kamar don ni aka ɗinka. Ta tsaya tana kallona tana share ido da bayan hannu, ni ma sai da zuciyata ta karye. Ta danƙa mini tutar ƙasarsu mai alamar gicciye a jiki, maƙwabci ya ɗauke mu hoto.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta juya hoton, ta sake juyawa, ta ce in bar mata shi. Kwana uku sai ga yayanta, Kawuna na Gude ta ƙasar Kabo, ya faka babur a ƙofar gida bayan azahar. Aka kira ni zaure. Baba na kan buzunsa, hoton na hannun Kawu.

Ko gaisuwata Kawu bai gama amsawa ba ya nuna hoton ya ce, "Wannan mene ne a hannunka?"

"Tuta ce, Kawu."

"To, ni kuros nake gani. Malam, duba da kyau. Kayan jikin nan fa, na waye?"

"Na mijin tsohuwar da nake haya a gidanta ne. Ya rasu."

"Innalillahi! Kayan mamaci, mamacin ma ba musulmi ba. Gwiwa a waje!"

"Akwai safa, Kawu."

"Safa! Ana nan ana ta Shari'a, kai kana can da kuros a hannu. Ni dai shawarata ya sake shahada a gaban jama'a, a huta da surutu."

Raina ya ɓaci. Na yi ta bayani: ba coci ba ne, bikin ƙasa ne, kowa da kayan gidansu yake fita. Ina magana ina satar kallon Baba, ina so in gano ko shi ma abin da ke ransa ke nan tun dawowata. Ya karɓi hoton, ya kai shi dab da hanci saboda idonsa ya yi rauni, ya daɗe yana dubawa.

Can ya ce da Kawu, "Alhaji, tutar mutane ce, ba su suka fara ba. Yaron nan ina ganin sallarsa. A bar maganar shahada."

Na sauke ajiyar zuciya. Har na fara jin daɗin yadda Kawu ya yi tsuru.

Sai Baba ya juyo gare ni. "Ka ce kowa da na ubansa yake fita?"

"Haka ne, Baba."

"Ita matar, ba ta tambaye ka naka ba?"

Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, ya shiga gida. Da ya dawo, rigar saƙin ce a hannunsa, a ninke, an wanke ta an kai bugu.

"Sati biyu da tafiyarka uwarka ta ji motsin ɓera a adakarka," in ji shi. "Wasiƙa uku ka aiko mini cewa kana sa ta ranar Juma'a. Duk suna nan."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Wata guda ina zargin mutanen gari, ashe ba wanda ya kai masa komai. Da hannuna na rubuta. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai, na bar idona a kan tabarma. Ya ajiye rigar gefen buzunsa, bai miƙo mini ba.

Aka kira la'asar. Muka fita, aka ja sahu. Baba ya tsaya yana dafe da gwiwa, ya waiwayo ya dube ni, har na ɗaga ƙafa. Sai ya ce, "Alhaji, bismilla, shiga gaba."

Na yi salla a bayan mutumin da ya gama cewa in sake shahada, kuma ban sami abin jin haushinsa ba.